Ziyarar Bagobiri Zuwa Gidan Tsofaffin Jiragen Yaƙi

Mu mutanen bakin Gulbin Rima mun daɗe da sanin jirgi. Kowane yaro na Sabon Birni ya san in damina ta yi nisa, gulbi ya kawo, ba mai ƙetarewa sai ya nemi mai fito. Da Turawa suka shimfiɗa dogo har ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, kakanninmu ba su wahalar da kansu wajen neman sabon suna ba, suka ce jirgin ƙasa. Da kuma wani abu ya zo yana ruri ta bisa kawunansu, suka ce jirgin sama. Sunan nan yana da daɗin ji, gama jirgi abin fito ne, mai kai mutum gaci. Amma akwai wani irinsa wanda ba fito ya ke yi ba, watau jirgin yaƙi. Labarinsa na ke so in ba ku, ya ku 'yan makaranta, domin na je inda aka tara tsofaffinsa, na gan su da idona.

Wurin yana garin Umuahiya, cikin Jihar Abiya, can ƙasar Ibo. Ba don jirage na tashi daga gida ba. Hutun makaranta ne ya zo, wani kawuna mai fataucin shanu zuwa kasuwar Lokpanta ya ce in raka shi in riƙa rubuta masa lissafi. Muka bi ta Sakkwato, don hanyar Isa da Shinkafi, wadda ta fi kusa, ba kowa ke yarda ya bi ta da dukiya ba a shekarun nan. Muka wuce Gusau, da Zariya, da Kaduna, muka ƙetare Kwara a Lakwaja, muka gangara ta Inugu. Da aka gama ciniki na roƙi kawu ya ba ni yini guda, na hau mota na ƙarasa Umuahiya.

Sunan gidan Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, an kuwa kafa shi cikin 1985. Dalilin da ya sa aka zaɓi garin nan shi ne, a zamanin Yaƙin Basasa, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970, da Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya, sai shugabannin Biyafara suka mai da Umuahiya babban birninsu, suka zauna nan har watan Afrilu na 1969. A filin da aka gina gidan akwai wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa inda rediyonsu ta riƙa magana da duniya, har yanzu ana shiga da baƙi su gani. A cikin ɗakunan nuni akwai kayan yaƙin mutanen dā, su baka da kwari da mashi da garkuwa, waɗanda ba baƙinmu ba ne, da tufafin soja iri iri, da hotunan yaƙi. A waje kuwa akwai motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, da irin nakiyarsu da su ke kira Ogbunigwe, har da wani jirgin ruwa na soja mai suna Bonny, an jawo shi an ajiye a kan tudu, ba ko kududdufi kusa da shi. Duk waɗannan na dube su a gurguje, hankalina yana wajen jiragen sama.

Wanda na fara tsayawa gabansa shi ne MiG-17, ƙirar Rasha. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarsa. Tsawonsa bai fi ƙafa 37 ba, mutum ɗaya tak ke shiga, mazauninsa kuwa matsattse ne, ba wurin miƙe hannu. Fukafukansa sun karkata baya kamar na tsattsewa in ta kawo sura. Ba shi da farfela. A maimakonta, hancinsa buɗe ya ke kamar bakin randa, a gindinsa kuma akwai wata ƙofar. Ga yadda abin ya ke aiki, don na san cikinku akwai masu son sani. Iska tana shiga ta hancin nan, wasu fikafikai na ƙarfe masu juyawa a ciki su matse ta ƙwarai, sa'an nan a fesa mata mai irin kananzir a kunna. Kun ga yadda maƙeri ke taka wa gawayi zugazugi wuta ta haukace? To, haka ne, sai dai ita wannan wutar ba ta da mafita sai ta baya. In ta fita da ƙarfi ta baya, sai ta ingiza jirgin gaba, kamar yadda bindigar maharbi ke dukan kafaɗarsa in ya harba. Su fukafukai kuma an yi su da ɗan doro a sama, an ɗan ɗaga gabansu, in jirgi ya yi gudu sai su riƙa danna iska ƙasa, iska kuwa ta riƙa ɗaga su sama. Gudun wannan jirgi ya kai wajen mil 700 a awa guda. Tsakanin Isa da Sabon Birni, tafiyar da mai jaki zai yini yana yi, shi ba zai cika minti uku ba. Ƙarƙashin haɓarsa kuma akwai gurbin igwa uku.

Kusa da shi ga babban wansa, Ilyushin 28, shi ma daga Rasha. Wannan mai jefa bam ne. Faɗin fukafukansa ƙafa 70 ne, yana da inji biyu, yana ɗaukar mutum uku: matuƙi, da mai duban hanya wanda ke zaune cikin hancin jirgin da aka yi da gilashi, shi ne kuma ke sakin bam, da mai bindiga can a wutsiya, yana fuskantar baya don tsaron abokan gaba. Cikinsa yana da ƙofa biyu masu buɗewa ƙasa, yana iya ɗaukar bamabamai har nauyin tan uku. Na daɗe ina duban gilashin hancin nan. Na ƙaddara mutum yana zaune ciki yana leƙen ƙasa daga nisan da saniya ba ta fi tururuwa ba, kuma aikinsa shi ne ya rarrabe taron soja da taron kasuwa kafin ƙiftawar ido.

Na ukunsu kuwa, in kun gan shi sai ku yi dariya. Ɗan mitsitsi ne, faɗin fukafukansa ƙafa 24, injinsa ƙarfin doki 100, da 'yar farfelarsa a gaba. A ƙasar Suwidin aka ƙera shi, sunansa MFI-9, ba kuwa don yaƙi ba, don koyon tuƙi ne da shan iska. Wani Bature ɗan sarautar Suwidin, ana ce da shi von Rosen, ya ga 'yan Biyafara ba su da abin rama hari ta sama, sai ya samo guda biyar, aka kai su Gabon aka harhaɗa, aka shafa musu launin ganye, aka ɗaura wa kowanne roka goma sha biyu, shida a kowane fiffike. Ran 22 ga Mayu 1969 suka taso suna bin kan itatuwa don kada a hango su, suka auka wa filin jirgin Fatakwal, cikin 'yan kwanaki kuma suka kai wa na Binin da na Inugu, suka lalata jiragen tarayya suna ajiye a ƙasa. Mutane suka sa musu suna Jariran Biyafara. To, ga shi yau jaririn da manyan da ya yi wa ɓarna suna tsaye fili ɗaya, rana ɗaya ke dukansu, ruwa ɗaya ke wanke su. Na ga wani ƙadangare ya hau tayar mai jefa bam yana gyaɗa kai, sai ka ce gadonsa ne.

Akwai wani abin da na lura da shi wanda ya shafe mu mutanen Arewa, shi ne kusan duk labarin jirgin yaƙi a ƙasar nan ta Kano ya ke shigowa. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano, sun taso daga Masar, shugabansu wani hafsa mai suna Coningham. Wannan tafiya ita ce farkon zuwan jirgin sama Nijeriya. Irinsu ana kiransa DH.9A, mai fukafukai hawa biyu, an yi shi da katako an lulluɓe da ƙyalle, akwai guda ɗaya da ya ragu ana nuna shi a gidan tarihin sojan sama na Ingila a London. A lokacin Yaƙin Hitila kuma, da Jamus da Italiya suka tsare tekun da ke tsakanin Turai da Masar, sai Ingilishi suka riƙa kawo jiragensu cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, wadda a ke kira Gana yanzu, a harhaɗa su nan, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Hartum, har Alƙahira. Daga 1940 zuwa 1943 jiragen da suka bi hanyar nan sun fi 5,000. Nijeriya ta kafa sojan samanta cikin 1964. Cikin watan Agusta na 1967 manyan jiragen kaya na Rasha suka sauke MiG ɗin nan a Kano, matuƙa daga Masar suka riƙa tuƙa da yawa daga cikinsu. Haka kuma cikin Yuli 2021, da aka sayo sababbin jirage masu farfela da a ke kira Super Tucano, guda goma sha biyu, shidan farko a Kano suka fara sauka. Shekara kusan ɗari ke nan, mu dai namu karɓa ne. Ni kam ina jin ciwon wannan, har na kan faɗa wa yarana masu ƙyuyar lissafi cewa wanda ya ƙera MiG bai fi su kai biyu ba.

Ina tsaye ina rubuta waɗannan abubuwa cikin ɗan littafina, sai na ji an ce, "Malam, sannu da aiki. Bagobiri ne kai, ko?" da Hausa tsantsa. Na waiwaya, sai ga wani dattijo Ibo, furfura fat, ya kawo jikokinsa kallo. Zanen fuskata ya gani ya shaida ni. Na rusuna na gaishe shi, na ce, "Baba, ina ka samo Hausa haka?" Ya ce a Sabon Garin Gusau aka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sun taso ne cikin 1966, shekarar da aka kashe 'yan'uwansu masu yawa a garuruwan Arewa, yana da shekara tara. Bai faɗa da zafi ba, ni ma ban sami abin cewa ba sai jaje.

Muka zauna a inuwar fiffiken Ilyushin, ya ce mini bai taɓa ganin jirgin nan sosai ba sai da aka kawo shi nan, ko da ya ke shekara biyu yana gudunsa. Ya ce, "Malam, mu ƙararsa muka sani. In ka ji ta, ya riga ya wuce ka, in kuwa ba ka ji ba, to, sai wani ya ba da labarinka." Ya ce sun rufe kwanon gidajensu da ganyen kwakwa don kada ya yi ƙyalli, aka hana sa farin tufafi da rana, kasuwa ta tashi daga fili ta koma cikin kurmi, ana ci da asuba a watse kafin rana ta ɗaga. Kowane gida da raminsa a bayan ɗaki. Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke rubuce, gama an tabbatar cewa cikin 1968 da 1969 bamabamai sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a ƙasarsu, sun kashe mata da yara masu yawa. Yana magana, jikokinsa suna ta zagaya jirgin suna wasan ɓuya, ƙaramar cikinsu tana bubbuga cikinsa da tafin hannu don ta ji amo.

Da ya gama sai ya tambaye ni labarin ƙasarmu, ya ce yana ji a rediyo. Na gaya masa abin da ku da yawa kuka sani fiye da yadda ya kamata yaro ya sani. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, mutanenmu dubbai suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Maraɗi neman mafaka, ƙauyuka suka riƙa biyan kuɗi kafin a bar su su yi noma. Cikin Satumba 2021 aka yanke wayar hannu a ƙasarmu na ɗan lokaci don a toshe wa ɓarayin kafar labari. Cikin Disamba na shekarar nan aka tare wata mota a ƙasar Sabon Birni aka ƙone ta da matafiyan da ke ciki. Cikin Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Saboda haka in jirgin yaƙi ya gilma ta kanmu, zuciyarmu kan rabu biyu. In ina cikin aji na ji shi tafe, ba sai na ce kome ba, alli ya tsaya, yara arba'in su ɗaga kai wajen rufi. Rabin zuciya tana murna, tana cewa ga mai taimako ya zo, yau ɓarayi ba za su kwana da daɗi ba. Wannan kuwa gaskiya ne, ba na yarda a raina matuƙan nan, samari ne kamar ƙannena, suna sa ransu cikin haɗari domin mutanen da ba su taɓa gani ba, an sha ganin kuma ƙarar jirgi kaɗai ta kori mahara daga bakin gari. Ɗaya rabin kuwa tana tuna Tudun Biri ta ƙasar Kaduna, inda ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu taron Mauludi bisa kuskure, mutum fiye da 80 suka rasu, sojan ƙasa da kansu suka amsa cewa nasu ne. Tana kuma tuna ƙauyuka biyu na ƙasar Silame, nan cikin jiharmu, inda aka rasa mutum goma ran 25 ga Disamba 2024 a lokacin wani hari ta sama. Ɓarawon daji da manomi babur iri ɗaya su ke hawa, rawani iri ɗaya su ke naɗawa, ƙarƙashin itace iri ɗaya su ke hutawa. Daga sama wa zai rarrabe? Sai in na ƙasa ya faɗa masa gaskiya, na ƙasa kuwa ba shi faɗa sai ya amince ba za a kwana a yanka shi ba.

Dattijon ya saurara har na ƙare, ya girgiza kai, ya ce, "Ashe kun san ƙarar." Ya kira jikokinsa suka gaishe ni, muka yi sallama.

Bayan tafiyarsa na sake zagaya jiragen, sai na ga idona ya sake. Allon da a kan kafa gaban irin waɗannan abubuwa, ko a wace ƙasa, ya kan faɗi sunan jirgi, da inda aka ƙera shi, da gudunsa, da nauyin abin da ya ke ɗauka. Wannan labarin wanda ke cikin jirgi ne. Labarin wanda ke ƙarƙashinsa ƙarfe ba ya riƙe shi, yana bakin mutane irin dattijon nan, in sun mutu ya bi su. Amma fa kada ku ce na raina gidan. Ban raina shi ba ko kaɗan. A ganina ba ƙaramin abu ba ne ƙasa ta ɗauki makaman ɓangare biyu da suka yi wata talatin suna kashe juna, ta jera su wuri ɗaya, ta ce kowa ya zo ya gani, ɗan Ibo da Bagobiri su biya kuɗin shiga iri ɗaya. Makami ba ya samun shiga irin wannan gida sai faɗan da aka yi da shi ya mutu.

Mu Gobirawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A zamanin Bawa Jangwarzo, abin da jirgin yaƙi ya ke a yau shi ne barde bisa ingarma, da sulke da lifidi da kwalkwali. Talakan da ke noma a fadama in ya hango ƙura, ya ji ƙasa tana rawa, shi ma zuciyarsa biyu ta ke rabuwa, bai san ko na Sarki ne masu tsaronsa, ko mahara ne masu kama bayi ba. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi cikin 1808, Sarki Yunfa ya mutu a ciki. Aka sake gwabzawa a Gawakuke cikin 1836, waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri, wadda ke cikin Nijar yanzu, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Shekaru da dama ana kai hari ana ramawa tsakanin garuruwan nan da ribaɗoɗin Sakkwato, har mutanen lokacin suka ɗauka haka duniya ta ke. Yau fa? Alƙalawa kufai ce, sai tudun ganuwa da kaburburan sarakuna. Lifidi kuwa sai ran hawan Salla a ke fito da shi, a kaɗe masa ƙura, yara su bi doki a guje suna sowa, ba mai neman rami. Jikokin waɗanda suka yi yaƙin suna aure da juna, suna cin kasuwa ɗaya. Tsofaffin jiragen Umuahiya sun riga sun bi sawun lifidi. Waɗanda ke gilmawa ta kan makarantarmu ba su bi ba tukuna, ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan ɗauki jikokina in kai su su bubbuga cikin Super Tucano.

Da aka koma makaranta na zana wa 'yan ajina jiragen nan uku a allo, na auna musu faɗin fukafukan kowanne da igiya a filin wasa. Ilyushin ya ci daga ƙofar ofis har gindin dogon yaro. Jaririn Biyafara kuwa yara takwas suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, hannu a ɗan buɗe, suka cika shi. Sa'an nan na ba su aiki, wanda na ke so ku ma ku yi, ku da kuke karanta wannan shafi a makarantunku. Na ce kowa ya je wurin mafi tsufa a gidansu, ya durƙusa ya tambaye shi yaushe ya fara ganin jirgin sama, yana ina, me ya yi, me mutane suka ce. A rubuta yadda tsoho ya faɗa, kada a gyara masa magana, a sa sunan gari da shekara in an sani, in ba a sani ba a sa sunan sarkin da ke ci a lokacin. Wanda ya ga abin da idonsa a shekarun nan kuma, shi ma ya rubuta nasa, ko da gajere ne.

Takarda talatin da ɗaya suka kawo mini. Wata yarinya ta rubuto cewa kakarta ta ce tana budurwa, suna tsinkar auduga a bakin Gulbin Bunsuru, suka ji abin tafe, kowa ya watsar da ƙwarya ya faɗa cikin dawa, sai wata tsohuwa kurma kaɗai ta ci gaba da tsinka, da suka fito ta riƙa yi musu faɗa sun zubar da auduga. Wani yaro kuwa, wanda iyayensa suka baro ƙauyensu bara suka zauna cikin gari, layi uku kawai ya rubuta. Ya ce shi bai ga jirgin ba, don innarsa ta kifa shi ƙarƙashinta ta rufe masa kunne. Na sami kwalin takalma na jera takardun duka a ciki, na rubuta shekara a murfi, na sa a kabad ɗin ajinmu.